Barewar Sarki: Yadda Wani Mawaƙi Ya Ɓoye Tsoron So Cikin Ɗango 14

Mai karatu, in dai kana cikin ma'abota tsofaffin finafinan Indiya, da wuya a ce ba ka kalli Mughal-e-Azam ba, fim ɗin nan na darakta K. Asif da ya fito a 1960, aka sake fito da shi mai kala a 2004. Ka tuna wurin da Madhubala ta tsaya a gaban Sarki Akbar cikin ɗakin madubai, tana rawa tana nuna masa ido da ido cewa ba ta shakkar kowa a kan soyayyarta? Duk wanda ya kalli wurin sai tsigar jikinsa ta tashi.

To, amma fa wannan a fim ne. A zahiri, mutumin da soyayya ta haɗa shi da sarki mai takobi ba ya tsayawa a tsakar fada ya ɗaga murya. In ma mawaƙi ne, sai ya yi ƙasa da murya, ya lulluɓe maganarsa, ya faɗi rabi ya haɗiye rabi. A wannan watan labarin irin wannan mawaƙi za mu kawo maka, wani Baturen Ingila mai suna Thomas Wyatt, da wata gajeruwar waƙa tasa mai ɗango 14 kacal, wadda aka fi sani da Whoso List to Hunt. Ka duba ta daga farko har ƙarshe, babu kalmar so a ciki, babu kalmar tsoro, babu mace, babu sarki. Duk da haka kusan shekara 500 ke nan masu karatu suna jin ƙamshin so da tsoro a cikinta. Ina ya ɓoye su? Amsar ita ce a cikin zubi da tsarin waƙar, da kuma muryar da ya yi magana da ita.

WANE NE WYATT?

An haifi Thomas Wyatt a 1503 a gidan mahaifinsa da ke Allington, a lardin Kent na kudancin Ingila. Mahaifin nasa, Henry Wyatt, babban bafade ne tun zamanin Sarki Henry na 7, saboda haka yaron a bakin fada ya tashi. Ya yi karatu a Kambirij, ya iya harsuna, ya iya hawan doki, ya iya zance. An yi masa aure yana matashi da wata 'yar babban gida mai suna Elizabeth Brooke, sun haifi ɗa namiji, amma zaman bai yi daɗi ba, bayan 'yan shekaru suka rabu ba tare da saki ba, domin addininsu na wancan lokaci bai yarda da sakin aure ba. Ka ga ke nan ga mutum da igiyar aure a wuya, ba mata a ɗaki, ba kuma damar auren wata.

Kimanin mil 20 daga gidan su Wyatt akwai wani gidan sarauta, Hever, gidan su Anne Boleyn. Masu kallon fim sun san wannan suna. Ita ce Natalie Portman ta fito a matsayinta a The Other Boleyn Girl na 2008, wanda aka ɗauko daga littafin Philippa Gregory, ita ce kuma Natalie Dormer ta fito a matsayinta a shirin The Tudors da aka fara nunawa a 2007. Masu karatun ƙagaggun littattafai kuwa za su same ta, ita da Wyatt ɗin, a Wolf Hall da Bring Up the Bodies na Hilary Mantel.

Anne ta yi girma a fadar Faransa, ta bayyana a fadar Ingila a 1522 cikin 'yan matan da ke yi wa Sarauniya Catherine hidima. Ga wayo, ga iya kwalliya, ga kaifin baki. Samari suka yi ca a kanta. Na farko da ya yi nisa shi ne Henry Percy, ɗan wani babban hakimi, amma waziri Wolsey ya sa ƙafa ya shure maganar. Wajen 1526 sai ga babban mai nema ya fito, wato Sarki Henry na 8 da kansa, wanda ya ƙagu ya sami ɗa namiji mai gadon sarauta, ga shi kuma Catherine 'ya mace ɗaya ce ta rayu mata. Har yau akwai wasiƙun soyayya 17 da ya rubuta wa Anne, suna ajiye a ɗakin karatu na fadar Fafaroma. A ɗaya daga ciki yana gaya mata ya aiko mata da naman barewar da ya harbe da hannunsa. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo gare shi.

Jikan Wyatt, mai suna George, ya rubuta tarihin Anne shekaru da yawa bayan haka, ya kuma kawo wani labari da ake bayarwa a gidansu. Wai kakan nasa ya taɓa fizge wani ɗan abin ado mai igiya daga jikin Anne cikin wasa, ya rataya a wuyansa, shi kuma sarki ya karɓi zobenta ya sa a ɗan yatsa. Rannan suna wasan gara ƙwallo a kan ciyawa sai gardama ta tashi a kan wanda tasa ta fi kusa da alama. Sarki ya yi nuni da yatsan nan mai zobe, yana murmushi, yana cewa tasa ce. Wyatt ya gane ba ƙwallo ake nufi ba, amma sai ya ciro igiyar nan daga ƙirjinsa ya ce a ba shi izini ya auna da ita, ko Allah zai sa ta zama tasa. Sarki ya gane igiyar, ya ɓata rai, ya watse wasan. Wargi dai wuri gare shi. A irin wannan yanayi ne masana da dama suke ganin aka rubuta waƙar da muke magana a kai, wajen 1526 zuwa 1527.

RIGAR ARO DAGA ITALIYA

Dabarar farko da tsoro ya koya wa Wyatt ita ce ya sa rigar wani. Waƙar tasa fassara ce, ko mu ce rabin fassara.

Irin wannan waƙa mai ɗango 14 ana kiranta sonet. An ƙirƙiro ta ne a tsibirin Sisili a ƙarni na 13, a fadar Sarki Frederick na 2, kuma ana danganta ta ga wani magatakarda mai suna Giacomo da Lentini. Amma wanda ya ɗaga ta sama shi ne Petrarch, mawaƙin Italiya da ya rayu daga 1304 zuwa 1374. Shi ne ya ce ya ga wata mace mai suna Laura a wata majami'a a garin Avignon ran 6 ga Afrilu, 1327, daga nan ya yi ta yi mata waƙa har bayan rasuwarta a 1348. Diwaninsa yana da waƙoƙi 366, kuma 317 daga ciki sonet ne.

A farkon 1527 Wyatt ya raka jakada John Russell zuwa Italiya wajen Fafaroma, har ma sojojin daular Charles na 5 suka kama shi a hanya kafin ya kuɓuta. Shi ne mutumin da ya shigo da sonet cikin Ingilishi, kuma da yawa daga cikin nasa daga Petrarch ya juyo su. Wadda muke nazari ta fito ne daga waƙa ta 190 a diwanin.

Ka ga amfanin wannan? In wani ɗan gulma ya kai waƙar gaban sarki, Wyatt yana da amsa a shirye: ranka ya daɗe, ai tsohuwar waƙar Italiya ce nake gwada hannu da ita, mai ita ya mutu shekara 150 da suka wuce. Habaici ke nan mai lasisi. Wanda ya tsargu, da shi ake, amma ba wanda zai iya kafa hujja.

ABIN DA YA CIRE, ABIN DA YA ƘARA

Sai dai in ka ɗora waƙoƙin biyu gefe da gefe, nan za ka ga hannun mai tsoro.

A wajen Petrarch abin kamar mafarki ne. Farar barewa ce mai ƙahonin zinariya ta bayyana masa da hudowar rana, a kan koren ciyawa, tsakanin koguna biyu, a ƙarƙashin inuwar bishiya. A wuyanta akwai rubutu da duwatsun daimon da na tofaz, wanda ke hana a taɓa ta domin Kaisar ya 'yanta ta. Masu sharhi sun daɗe suna fassara Kaisar ɗin nan da Ubangiji. Mawaƙin ya yi ta kallo har rana ta kusa tsaka, ya faɗa ruwa, barewa ta ɓace.

Wyatt ya share wannan duka. Ba ciyawa, ba kogi, ba hudowar rana, ba launi ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne farauta, taron maza suna bin dabba guda, shi kuma yana can ƙarshen sahu, ya gaji liƙis. Ya cire dutsen tofaz, wanda a al'adarsu alamar kamun kai ne, ya bar daimon, dutse mai tauri da tsada, irin wanda mai arziki ke saya. Babban canjin kuwa shi ne Kaisar. Na Petrarch 'yanta barewa ya yi, na Wyatt mallakarta ya yi. A Ingila ta wancan zamani kowa ya san barewar dajin sarki ta sarki ce, mai farautarta ba izini ya shiga uku. Kowa kuma ya san wane ne gwanin farauta a fada, mai aika wa budurwa da naman barewa.

Wani abu kuma, a Ingilishi kalmar barewa da kalmar masoyiya furucinsu ɗaya ne, rubutu ne ya bambanta. Mai sauraro ba zai iya rantsuwa da wacce aka faɗa ba. A duk jikin barewar nan gaɓa ɗaya tak Wyatt ya siffanta da kyau, ita ce wuyanta.

INDA TSORON YA ƁUYA

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin waƙa kuma a tambayi zubinta. Bari mu bi ta daki-daki.

Na farko, murya. Waƙar ta buɗe ne da muryar ɗan birni a majalisar abokai, mai nuna ya san inda nama yake, duk mai so ya zo a nuna masa. Muryar wanda bai damu ba. Amma ɗango na 2 bai ƙare ba sai ga ajiyar zuciya, muryar ta karye. Kalmar gajiya ta fito sau biyu a waƙar, kalmar banza ma sau biyu. Ka san irin saurayin nan da zai ce maka ai shi ya manta da wance, amma a zama ɗaya ya ambace ta sau goma? To, shi ne.

Na biyu, amsa-amo. Mu a rubutacciyar waƙar Hausa mun saba da babban amsa-amo da ke bin ƙarshen kowane baiti, da ƙarami da ke cikin baiti. Sonet irin ta Italiya ba haka take ba. Ɗango 8 na farko sauti biyu kawai suke juyawa a kai: na 1 da na 4 da na 5 da na 8 sauti ɗaya, na 2 da na 3 da na 6 da na 7 wani sautin. Wato sautin waje yana kewaye na ciki kamar shinge. A Italiyanci wannan abu ne mai sauƙi, domin kalmominsu da wasali suke ƙarewa kamar namu. A Ingilishi kuwa ƙunci ne. Wyatt ya mayar da ƙuncin ya zama ma'ana. Kalmomi huɗun da ya sa a shingen waje su ne masu nufin barewa, da baya, da tunani, da iska. Jera su kawai ka ji labarin duka: ga abin so, an bar shi a baya, tunani ya ƙi sakinta, ƙarshe iska ya kama.

Na uku, numfashi. Ƙa'idar ɗango a irin wannan waƙa a Ingilishi gaɓa 10 ce, amma ɗangon farko na Wyatt gaɓa 11 ne, tun daga fita ƙafa ta yi tuntuɓe. Da ya zo ɗango na 5, inda yake bayanin ya kasa janye zuciyarsa, sai jimlar ita ma ta ƙi tsayawa a ƙarshen ɗango, ta zarce na 6, ta faɗa na 7, harafin F yana ta maimaituwa kamar hakin mai gudu. Sai kwatsam, a tsakiyar ɗango na 7, aka buga aya. Kamar mutum ya yanke jiki ya faɗi. Daga nan ya sake shelar ya haƙura. Wannan shi ne karo na biyu da ya yi shelar. Wanda ya haƙura da gaske sau ɗaya yake faɗa.

Na huɗu, juyi. Al'adar sonet ita ce bayan ɗango na 8 waƙa ta juya, a sami sabon tunani, ko amsa, ko mafita. Wyatt da ya iso ɗango na 9 sai ya koma kusan kalmomin da ya buɗe waƙar da su. Tamkar wanda ya yi makuwa a daji, ya sha tafiya, ya ɗaga kai ya ga bishiyar da ya baro ɗazu.

Na biyar, wanda ya fi duka, rufewa. Petrarch ya sa rubutun wuyan barewa a ɗango na 9 zuwa na 11, sannan ya dawo da muryarsa ya rufe waƙar da kansa. Wyatt ya ture rubutun zuwa ɗango biyu na ƙarshe, ya ba su amsa-amo nasu na daban, abin da Petrarch bai saba yi ba, suka zama kamar ƙofa da aka banko. Maganar ƙarshe a waƙar ba ta mawaƙin ba ce. Ya yi shiru, ya bar abin wuya yana magana. Hanin ma da Latin ya rubuta shi, harshen coci da na shari'a, da kalmomin da kowane Kirista na lokacin ya sani daga Linjilar Yohanna. Ba wanda ke jayayya da wannan harshe.

A ɗangon ƙarshe kuma sai ga wani tsoron daban. Barewar tana gargaɗi cewa kada lafiyar da ake gani a fuskarta ta ruɗi kowa, ba ta riƙuwa. Ashe ba sarki kaɗai ake tsoro ba. Ana tsoron ita kanta abar son, ana kuma tsoron zuciyar da ta ƙi jin magana. Maharbi ne ya fita farauta, amma in ka lura shi ake ja a igiya. Son maso wani ƙoshin wahala, balle in wanin nan shi ke da gari.

Kada kuma mu manta da ita. Waƙar ba ta rasa ɗaci da zambo ba, domin kwatanta mace da dabbar da maza ke rububi ba yabo ba ne. Amma ta nuna wata gaskiya: daimon ɗin da ke wuyanta ado ne, kuma mari ne.

MAYU 1536

Ko tsoron Wyatt na banza ne? Tarihi ya ba da amsa.

Sarki ya ɓata da Fafaroma saboda Anne, ya aure ta a Janairun 1533, aka naɗa ta sarauniya ran 1 ga Yuni, kuma Wyatt yana cikin masu hidima a bikin. A watan Satumba ta haifi 'ya mace, Elizabeth. A 1534 aka yi dokar da ta mayar da magana kawai, ko a baki ko a rubuce, ta zama cin amanar ƙasa in ta taɓa sarki ko sarauniya. Baki shi ke yanka wuya ya tashi daga karin magana ya koma doka.

Akwai shaida cewa Wyatt yana tace alƙalaminsa. Kundin waƙoƙinsa da ake kira Egerton, mai ɗauke da gyare-gyare da hannunsa, yana nan a babban ɗakin karatu na Birtaniya. A wata waƙa ya fara ambaton wata mace da ta hargitsa ƙasa, sai ya gyara ɗangon, ya mayar da ita wata mai baƙin gashi da ta hargitsa shi shi kaɗai. Mace nawa ce ta hargitsa Ingila a zamaninsa?

Ɗa namiji bai samu ba, zuciyar sarki ta koma kan Jane Seymour. Ran 2 ga Mayu, 1536, aka kama Anne bisa zargin zina da cin amana, zargin da yawancin masana tarihi ke ganin ƙage ne. Aka tsare ta a Hasumiyar Landan. Cikin 'yan kwanaki aka kawo Wyatt shi ma. Ran 15 ga wata aka yanke mata hukunci, kawunta ne ya shugabanci zaman, Henry Percy kuma, saurayinta na farko, yana cikin masu yanke hukuncin. Ran 17 aka sare kan maza biyar: ɗan'uwanta George, da Henry Norris, da Francis Weston, da William Brereton, da makaɗi Mark Smeaton. Shugaban gidan yarin, William Kingston, ya rubuta cewa Anne ta ce masa ta ji labarin haunin gwani ne, ita kuma wuyanta siriri ne, ta kama wuyan da hannuwanta tana dariya. Ran 19 ga Mayu wani mai takobi da aka ɗauko daga Calais ya cika aiki. Ran 30 ga wata sarki ya auri Jane.

Wyatt ya tsira, ba a ma gurfanar da shi ba, kuma ana danganta hakan ga kusancin gidansu da Thomas Cromwell, babban na hannun daman sarki. Ya bar wata waƙa a kan abin da ya hango ta tagar kurkuku, kowane baiti yana ƙarewa da amshi ɗaya na Latin a kan tsawar da ke kewaye gadon sarauta. Nan ma da maganar ta kai wurin haɗari, sai ya koma bayan harshen aro.

BAYAN HAKA

Ya ci gaba da yi wa sarkin nan aiki, har ya zama jakadansa a fadar Charles na 5 daga 1537. Aka sare kan Cromwell a 1540, aka sake kulle Wyatt a 1541, ya sake fita. Zazzaɓi ne ya kashe shi a Oktoban 1542, yana kan hanyar aiken sarki, yana da shekara 39. Bai taɓa tattara waƙoƙinsa ya kai maɗaba'a ba, hannu da hannu suke yawo a tsakanin amintattu.

A 1557 wani mai ɗab'i, Richard Tottel, ya buga tarin waƙoƙi da ya ƙunshi fiye da 90 na Wyatt. A wannan bugun an goge masa karin waƙoƙi da dama, an daidaita inda ƙafa ke tuntuɓe don su yi santsi a kunne, ba a lura cewa wani tuntuɓen shi ne maganar ba. Waƙar barewa kuwa ba ta cikin littafin, a rubutun hannu ta rayu. Ɗango biyun nan na rufewa da Wyatt ya shigo da su, Henry Howard na Surrey ya gina sabon tsari a kansu, kafin shi ma sarkin ya sare kansa a 1547. Da wannan tsari ne Shakespeare ya rubuta nasa sonet ɗin da aka buga guda 154 a 1609. 'Yar Anne kuwa, Elizabeth, ita ta hau gadon a 1558, ta yi shekara 44 a kai, ba ta taɓa yin aure ba.

Saboda haka, mai karatu, in ka sake jin waƙar soyayya a fim, ko ka ci karo da ita a littafi, kada ka tsaya ga abin da baki ya furta kawai. Saurari inda murya ta karye, da abin da aka maimaita ba dalili, da sunan da aka ƙi kira, da wanda aka bar wa maganar ƙarshe. Ku kuma marubutanmu, masu sa jarumi ya dafe ƙirji ya ce yana tsoron so, ga wani da ya yi shekaru yana kallon gatari, bai furta kalmar ko sau ɗaya ba a waƙar, amma har yau ana jin hakinsa a ɗango na 7.